Jawabin magatakarda: ina aka kwana kan motar ƙungiya?

Lokacin da aka ba mu kaɗan ne, don haka za mu tafi kai tsaye ga tambayar da aka fi tare mu da ita a ofis bana.

Kun san mun kai motar Kano, garejin dilan da ya sayar mana da ita, don juyen baƙin mai da canjin filta. Ba don araha ba, bakanikenmu na Maraɗi ya fi su sauƙi nesa ba kusa ba. Mun kai ne don kada garanti ya ɓaci. Washegari ta yi lodi, ta wuce Katsina lafiya. Dab da Jibiya fitilar mai ta kama, kafin direba ya gama sauka daga kwalta inji ya buga. Da ya leƙa ƙasa, notin da ke toshe ma'ajiyar mai babu shi. Ba su ɗaure shi sosai ba, girgizar hanya ta kwance shi, man ya tsiyaye. Inji kuwa in ba mai, ƙarfe ne ke cin ƙarfe.

A nan ne muka kusa yin kuskure, kuma har da mu na ofis. Kayan mutane na kan hanya, wasunmu suka ce a kira bakanike ya buɗe nan take, wasu suka ce a jawo ta gida. Wata Hajiya daga cikin iyayenmu ce ta ce kada wanda ya sa mata sifana. Allah Ya saka mata. Da an buɗe, ko da ta ƙetare Ɗan Isa, da dila ya samu bakin cewa wani ne ya taɓa.

Sai direba ya ɗauki hoton layin mai a kan kwalta, da ramin notin, da lambar kilomita. Aka juye kaya a wata mota, ita kuma aka jawo ta Kano.

Da farko sun ɗora wa direbanmu laifi: wai lodi ya yi yawa, wai dutse ya buga. Muka fito da rasit ɗinsu, mai kwanan wata da kilomita. Tafiyar ba ta kai kilomita 250 ba. Muka kawo bakanike wanda ba namu ba, ba nasu ba, aka buɗe a gaban kowa. Ƙasan injin ba ko ƙwarzane, haƙoran ramin notin lafiya lau. Duk da haka sai da muka rubuta wasiƙa, muka ambaci hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya, FCCPC, kafin manaja ya zauna da mu.

Sun ɗauki nauyin kayan gyara da aiki. Kuɗin janwe da na hayar wata mota tsawon mako bakwai, mu muka biya. Wannan ya yi mana ciwo, amma lissafin shari'a a ƙasar da ba tamu ba, ga zirga-zirga, ga canjin sefa zuwa naira, ya fi abin da za mu karɓo.

Yanzu mun ce wa direbobi, kada su bar gareji sai sun zaro sandar awon mai da hannunsu, sun bar inji ya yi aiki, sun durƙusa sun duba ƙasa. Rasit kuma a kawo mana ofis mu ajiye kwafi. Masu motocin kansu ma, aljihun tebur ɗinmu yana da wuri. Lissafin kuɗin yana wajen ma'aji ga mai son gani bayan an tashi.