Wanda Ba a Tafa Masa: Aikin Manajan Dandamali da Shawara ga Mai Son Shiga



An nemi in yi magana a kan manajan dandamali, wato mutumin nan da yake zaune a lungu a gefen daɓe, sanye da baƙaƙen kaya, littafi a gabansa, da 'yar fitila da aka rufe wa baki don kada haskenta ya kai ga 'yan kallo. In wasa ya yi kyau, a tafa wa jarumai, a yabi darakta. In labule ya maƙale ko fitila ta ƙi kamawa, shi ake nema. Na yi wannan aiki shekaru kafin in koma aji, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bari in fara da abin da yake damuna. A yawancin ƙungiyoyinmu na wasan daɓe, har da na makarantu, sai an gama raba rawa, kowa ya samu nasa, sannan a waiwayi wanda ya rage a ce, "To kai sai ka riƙe mana dandamali." Daga nan ya zama ɗan aike: shi ne sayo ruwa, shi ne aron tabarma, shi ne jan kujeru. Alhali a ƙasashen da wannan sana'a ta kafu, shi ne mutumin da wasan yake hannunsa daga daren farko har daren ƙarshe.

A Ingila aikin kashi uku ne. Akwai manajan kansa, mai kula da komai na bayan fage. Akwai mataimakinsa na farko, wanda yake zama a ɗakin gwaji tun ranar farko, shi ne mai riƙe littafi, kuma shi yake ba da umarni a lokacin wasa. Sai ƙaramin mataimaki, mai kula da kayan wasa, wanda zai tabbatar wasiƙar da jarumi zai ciro tana cikin aljihun da ya dace. Suna da ƙungiyarsu tun 1954, kuma sun ware ranar 10 ga Oktoba ta kowace shekara don tunawa da masu wannan aiki. A Amurka kuwa, ƙungiyar Equity da aka kafa a 1913 ta haɗa 'yan wasa da manajojin dandamali a inuwa ɗaya. Mu a nan, duk wannan aikin na mutum uku a kan mutum ɗaya yake, wani lokacin ma shi zai shigo a fitowa ta uku a matsayin dogari.

Littafi

Jarin wannan sana'a littafi ne, don haka a nan zan ɗan daɗe. Kwafin wasan ake ɗauka a sa a babban fayil, kowane shafi na rubutu da farar takarda a gefensa. A wannan farar takarda ake rubuta duk abin da baki bai faɗa ba: wane ne ya shigo, ta wace ƙofa, a kan wace kalma ya zauna, yaushe ya juya wa matarsa baya. Da fensir ake yi, ba da biro ba, domin darakta zai sauya ra'ayi gobe, ya sake sauyawa jibi, sannan a mako na uku ya ce, "Yaya ma muka yi ranar nan?" Amsar tana wurinka. Idan ka ce "ina jin kamar ta hagu ya fito", ka rasa amanarsa.

Idan an shiga gwajin fitilu da sauti, sai a ƙara lambobi a gefen shafi: haske na 14, sauti na 6, labule na 2. Kowace lamba an ɗaure ta da wata kalma ko wani motsi. Yadda ake kiran su ma da ƙa'ida. Da farko za ka faɗa ta na'urar kunne ko oba-oba cewa haske na 14 ya shirya, mai fitila ya amsa. Idan lokacin ya zo, ka ambaci lambar, ka ɗan ja numfashi, sannan ka saki kalmar umarni, ita ce ta ƙarshe a bakinka. Turawa suna da gajeruwar kalma mai harafi biyu don wannan, kuma ba mai furta ta a na'ura cikin hira; in dole ne a ambace ta sai a faɗi haruffanta ɗaya bayan ɗaya, don kada mai fitila ya ji ya danna. Mu "yanzu" muke cewa, kuma na taɓa ganin duhu ya rufe jarumi yana tsakiyar kuka saboda wani ya ce wa abokinsa "yanzu zan dawo" da na'ura a kunne.

Ma'aunin littafi mai kyau guda ne: idan zazzaɓi ya kwantar da kai yau da la'asar, wani zai iya ɗaukarsa ya gudanar da wasan da daddare? In sai an kira ka a waya an tambayi ma'anar wata alama, littafin bai cika ba. Wasu matasa suna ganin ɓoye sirrin aiki a ka shi ne zai sa a riƙa nemansu. Ba haka abin yake ba. Wanda ake sake kira shi ne wanda ba ya jefa ƙungiya cikin fargaba.

Dalilin wannan tsanani shi ne, bisa al'adar sana'ar, darakta yana sallama ne bayan daren farko, ya tafi wani aikin. Ku dubi The Phantom of the Opera a Burodwe, unguwar gidajen wasa ta birnin Niyok. An buɗe shi a Janairun 1988, aka rufe a Afrilun 2023, bayan an yi shi sau 13,981. Daraktansa, Harold Prince, ya rasu a 2019, wasan kuma ya ci gaba. 'Yan wasa sun zo sun tafi, wasu an haife su ne bayan an fara shi. Littafin da masu riƙe shi su ne suka sa abin da ɗan kallo ya gani a shekara ta talatin ya yi daidai da na shekarar farko.

Agogo da kunya

Agogo ma a hannunka yake. A Ingila, kiran da suke cewa na rabin awa ana yin sa ne saura minti 35 a ɗaga labule, domin suna lissafi daga lokacin da masu fitowar farko za su tsaya a wurarensu, wato saura minti biyar. A Amurka dokar ƙungiyarsu ta ce a ba da hutun minti biyar bayan gwajin minti 55, ko minti goma bayan 80, kuma manajan dandamali ne zai katse darakta ya ce lokaci ya yi, ko da ana tsakiyar fitowa mai daɗi.

To a nan ne ɗan Bahaushe yake shan wahala. An rene mu da kara da kunya. Yaya ɗan shekara ashirin da biyu zai dubi dattijon da ya fara wasa tun kafin a haife shi ya ce masa ya makara? Abin da na koya shi ne, girmamawa tana cikin lafazi, umarnin kuwa ba ya sauyawa. Ka rusuna ka ce, "Baba, saura minti biyar, ana jiranku a ƙofar dama." Idan ya makara, ka rubuta a rahoton ranar kamar yadda za ka rubuta na yaro, ka kuma gaya masa a keɓe, ba a gaban jama'a ba. Dattawan da suka san aiki su ne suka fi son haka.

Inda kunya take zama haɗari shi ne maganar lafiya. Wata shekara, da hunturu, muna wasa a buɗaɗɗen fili, bangon ɗakin amarya na zana ne. Darakta, wanda malamina ne, ya ce lallai aci-balbal ta gaske za a kunna, fitilar batir ba ta da armashi. Raina bai kwanta ba, amma na ce, "To, Malam." Na ajiye bokitin yashi a bayan zanar, sai wani ya ɗauke shi ya tokare ƙofa da shi, ni kuma ban sake zagayawa na duba ba. A fitowa ta biyu iska ta kaɗa, harshen wuta ya lashi zana. Da babbar rigar wani ɗan wasa aka kashe ta. Ba wanda ya ji ciwo, gefen mayafin yarinyar da ta fito a amarya ne kawai ya ƙone, amma har yau ina jin ƙaurin. Laifina biyu ne a daren: ban ce a'a ba, kuma ban duba da idona ba. Kada ku ɗauka talauci ne kaɗai yake jawo irin wannan. A Disambar 2010, a wasan Spider-Man na Burodwe, wanda aka kashe wa miliyoyin daloli, wani ɗan wasa ya faɗo daga tsayin da ya haura ƙafa ashirin ya ji mummunan rauni, saboda igiyar da za ta riƙe shi ba a ɗaure ta yadda ya kamata ba. Manajan dandamali yana da ikon tsayar da wasa, kuma duk wanda ba zai iya amfani da ikon nan ba, gara ya nemi wani aiki.

Wuri kuma shi yake koya maka. Wanda ya yi aiki a ƙauyen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ginin ƙasa da Steven Ehrlich ya zana a tsakiyar shekarun 1970, zamanin da Michael Etherton yake kafa sashen wasan kwaikwayo, ya san ba labule, ba lungun ɓuya irin na Turawa, 'yan kallo kusan sun kewaye ka. Dole ka ƙirƙiro alamunka. Ka san mai janareta da sunansa, ka san litar mai nawa ya rage, ka kuma tsara abin da 'yan wasa za su yi a sakan talatin na farko idan aka ɗauke wuta.

Abinci

Kai ne farkon zuwa, kai ne ƙarshen tafiya. A Amurka akwai ranakun gwaji da ake aikin awa goma cikin goma sha biyu, manaja kuwa ya fi haka, domin shi zai buɗe, shi zai rufe, sannan ya zauna ya rubuta rahoto. Aikin kuma na kwangila ne, yau akwai, gobe babu. Lokacin annobar korona an rufe gidajen Burodwe ranar 12 ga Maris 2020, manyan wasanni ba su dawo ba sai Satumbar 2021. In haka ta faru da masu ƙungiya da doka, ina ga mu da ake cewa "in an tashi za a ga abin da Allah ya hore"?

Saboda haka, ƙannena, kafin ku karɓi aiki ku yi magana a kan kuɗi, a rubuta, ko da saƙon waya ne. Kada ku sayi ko ƙusa da kuɗinku ba tare da rasit ba. Ku adana littattafanku, su ne takardar shaidarku. Wanda zai ɗauke ku aiki zai fi gamsuwa da fayil ɗaya mai tsafta fiye da dogon bayani. Kuma kada ku ƙuntata kanku ga daɓe. Hannun da ya iya riƙe littafi zai iya aikin kwantiniti ko na mataimakin darakta a Kannywood, zai iya tsara fage a gidan talabijin, zai iya gudanar da babban taro irin wannan da muke ciki. 'Yan mata ma ina kiran ku: a Ingila da Amurka mata sun yi yawa ƙwarai a wannan aiki, kuma mafi tsaftar littafin da na taɓa dubawa na wata ɗalibata ne.

Roƙona ga shugabannin sassan wasan kwaikwayo da na ƙungiyoyi da ke zaune a nan abu uku ne da ba sa buƙatar kasafi mai yawa. A zaɓi manajan dandamali kafin a raba rawa. A sa sunansa a takardar shiri, kusa da na darakta. Sannan a karɓi littafinsa a ƙarshen zango a ba shi maki kamar yadda ake ba jarumi.