KASUWA, HANYA DA IKILISIYA A ƘASAR TSASKIYA: JAWABIN BIKIN CIKA SHEKARA 50



Kwamitin shirya wannan biki ya ɗora mini nauyin yin magana a kan ƙasar da aka dasa wannan ikilisiya a cikinta. Abu ɗaya nake so mu riƙe. A nan yammacin Katsina gari da ƙauyukansa yake rayuwa, hanya ce kuwa take haɗa su. In hanya ta buɗe kasuwa ta cika, majami'a ma ta cika. In ta toshe dukansu biyu su rame.

Bari mu fara da zamanin dā. A 1807 birnin Katsina ya koma hannun masu jihadi, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki. Sarakunan da aka ture suka yi arewa, suka zauna a Maraɗi. Daga nan aka shafe shekaru masu yawa ana yaƙi tsakanin ɓangarorin biyu, Dajin Rugu da ke yamma da mu kuwa ya zama hanyar mahara. Saboda haka kakanninmu suka tattaru a garuruwa masu ganuwa irin su Ruma. Mutum ba ya noma nesa da inda zai iya sheƙawa da gudu ya shiga ƙofa.

Turawa sun shigo Katsina a 1903, Sarki Muhammadu Dikko ya hau gado a 1906. Da yaƙi ya lafa sai jama'a suka fito daga ganuwa, suka sari daji, suka kafa unguwanni, Fulani kuma suka yi rugage. Haraji ya koma na kuɗi, dole manomi ya shuka gyaɗa da auduga ya sayar. Jirgin ƙasa ya kai Ƙauran Namoda a 1929, motoci suka fara shiga lunguna. Ta haka kasuwannin mako suka bunƙasa, kowace da ranarta, domin ɗan koli da mai awo su zagaya su duka: Batsari ran Alhamis, Jibiya ran Lahadi. A zamanin En'e da sunan Ruma da Tsaskiya aka san gundumomin nan. Yau Batsari da Safana ake kira, inda Sarkin Ruma da Yarima suke zaune. Wato gari yakan bi hanya ya tashi, wani kuma ya zauna inda aka bar shi.

Bishara ma wannan hanya ta biyo. Turawan mulki sun daɗe suna hana mishan wa'azi a ƙasashen sarakuna. Ƙofa ta buɗe ne ta wajen jinyar kutare, sa'ad da mishan na SIM suka karɓi aikin Babbar Ruga kusa da Katsina a shekarun 1930. An buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aka kafa ECWA a 1954. Masu bi na farko a garuruwan kasuwa malaman makaranta ne da na asibiti, da 'yan sanda, da 'yan tireda, da manoma. Ran kasuwa ake ba da saƙo, ran kasuwa ake jin wanda ya haihu da wanda ya rasu. Mai bishara ya hau keke ya bi sawun masu jakai, baiko kuwa sau da yawa damin dawa ne. Bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, Angilikan suka sami dayosis ɗin Katsina a 1990, Katolika kuma a 2023.

'Yan'uwa, ba za mu yi murna mu rufe ido ba. Dajin nan dai da ya ɓoye mahara a dā ya zama mafakar 'yan bindiga. Ƙauyuka da dama a Batsari da Safana sun watse, jama'a sun gudu zuwa Batsari da Dutsin-Ma da Katsina. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya hana sayar da dabbobi a kasuwannin yankin, ya rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka kuma yanke layukan waya na wani lokaci. Wahalar ba ta tambayi kowa addininsa ba. Mun sake komawa bayan ganuwa, ko da yake ba a gina ta ba.

Don haka ina roƙon abu uku. Na ɗaya, a zauna da tsofaffi a rubuta sunan kowane ƙauye da aka taɓa yin sujada a ciki, da iyakokin gonaki, tun masu sani suna da rai. Na biyu, ikilisiyar gari ta karɓi masu gudun hijira kamar 'yan gida, gama hatsinsu ne ya gina ta. Na uku, mu haɗa kai da maƙwabtanmu Musulmi da sarakunanmu a kan duk abin da zai buɗe hanya, domin kasuwa ɗaya muke ci.

A Littafin Firistoci sura 25, shekara ta 50 ita ce shekarar da kowa yake komawa gonar gādonsa. Addu'armu ke nan domin mutanen Tsaskiya, Runka, Zakka, Wagini da Ruma. Ubangiji ya amsa.