Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ɗaliban Rubutun Labari da Shirya Fim, Sharaɗa

 



Ku 'ya'yanmu da ake yayewa a yau, malamanku sun koya muku riƙe kyamara, da tsara labari fitowa-fitowa, da tace hoto. Allah ya saka musu da alheri. Abin da ya rage mini shi ne in tambaye ku: wa za ku ɗauka?

A 1934 aka buga Shaihu Umar na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa. Akwai sarakuna a ciki, da fatake, da ayarin raƙuma, amma wadda ke tsaya wa mai karatu a rai ita ce uwar Umar. An sace mata ɗa, ta bi sawu har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi, aka ƙetara da ita Sahara. Sai bayan shekaru ta yi tozali da shi, ba a daɗe ba rai ya yi halinsa. Ɓalewa bai tsaya yi mana lacca kan sharrin bauta ba, uwar ya bari muka bi. Adamu Halilu ya mayar da littafin fim a 1976, kuma a 2018 aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin ga mutanen da ko "sannu" ba su ji da Hausa.

A 1990, shekarar da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a nan Kano, Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fito da littafinta Alhaki Kwikwiyo Ne. Rabi, uwar 'ya'ya tara, miji ya kore ta saboda amarya, ta kama sayar da abinci ta riƙe yaranta. Masu ganin kansu masana suka yi ta yi wa irin waɗannan littattafai kallon hadarin kaji, wai adabin kasuwar Kano. To, a 2012 wani kamfanin ɗab'i a Indiya ya buga fassararsa da Ingilishi.

Yanzu ku leƙa bakin ƙofar wannan zaure. Sharaɗa da Bompai da Challawa su ne suka sa Kano ta yi suna da masana'antu: masaƙu, majemu, kamfanonin roba da na man gyaɗa. Daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da matsalar wutar lantarki, da yadin waje da ya cika Kantin Kwari, injuna suka riƙa yin shiru ɗaya bayan ɗaya. Magidanta da yawa suka koma acaɓa, aka hana ta a 2013, wasu suka kama Adaidaita Sahu. Ina waɗannan mutane a fina-finanmu? Kullum falon Alhaji ne, da kujerun alfarma, da mota a harabar gida. Ba na ƙin soyayya, ni ma ina kallo, iyali shaida ne. Amma akwai magidancin da aka sallama, yana sammakon fita kamar kullum don kada maƙwabta su gane. Akwai matarsa da ke suyar awara, ta ɗan tura masa kuɗin cefane a ɓoye, ya miƙo mata a gaban yara don kada girmansa ya zube. Akwai ma'aikacin majema da ake matsawa daga kusa da shi a mota saboda warin fata, alhali takalmin mai matsawar daga hannunsa ya fito. Kunya, da kara, da rufin asiri, da abin da talauci ke iya ƙwace wa mutum da wanda ba ya iyawa, duk suna nan a lungunan da kuka taso. Ba sai kun aro daga fina-finan Indiya ba.

Roƙona ga masu masana'antu da ke wannan zaure shi ne, idan yaran nan suka zo neman izinin ɗaukar hoto, a buɗe musu ƙofa, har da rumbunan da aka daɗe da rufewa. Ku kuma iyaye, a bar 'yan matan su yi rubutu.

Ina taya ku murna. Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya raba ku da ƙarya da cin mutuncin bayinsa. Mai girma shugaban taro, bismillah, a fara miƙa takardun shaida.