Darasin da ke Cikin Ƙullun Waina

'Yan'uwa malamai,

Mun daɗe muna kukan rashin ɗakin gwaji, alhali daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan da wuya a sami gidan da bai san yis ba, mai tayar da ƙullun waina da fanke.

Yis halitta ce mai ƙwaya ɗaya. A cikinta akwai mitokondiriya, murhun da ke ƙona abinci da iskar numfashi domin samar da ƙarfi. Idan sukari ya wadata, yis kan rufe ƙwayoyin gadon da ke kula da murhun, ya tsima sukarin, ya fitar da iskar da ke kumbura ƙullu. Idan sukari ya ƙare, wani inzayim mai suna Snf1 ne ke sake buɗe su. Jikinmu ma yana da ɗan'uwan wannan inzayim. Masana sun gama karanta ƙwayoyin gadon yis, kusan 6,000, a 1996.

Kwalba, ruwan ɗumi, sukari, yis da balan-balan sun isa mu nuna wa yara tashin iskar. Kada mu bari ɗalibanmu su shiga Jami'ar Ahmadu Bello da hadda kaɗai.

Allah ya yi mana jagora.