Idan Kun Shiga Birni

Yau zancen birni za mu yi. Mu mutanen Kumbotso da Kura da Bunkure kullum muna kan hanyar Kano. Mu kai tumatir ko shinkafa, mu karɓi kuɗi, mu juyo. Amma tambayi mutum, “Wa ya gina gidan sarki?” Sai ka ga yana susar ƙeya. Ga baƙi kuwa suna tasowa daga ƙasashe masu nisa don su ga abin da muke wucewa ba mu ko ɗaga kai.

To, ku saurara. Sarki Muhammadu Rumfa ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499. Shi ya gina gidan sarki, don haka ake ce masa Gidan Rumfa. Fulani da suka karɓi sarauta bayan jihadi, cikinsa suka zauna. A zamanin Rumfa ne Shehu Magili ya zo daga Tilimsan, can ƙasar Aljeriya, har ya rubuta wa sarki littafi kan yadda ake riƙon jama'a da adalci. Cikin gidan ba a shiga sai da izini. Ku tsaya a Ƙofar Kudu ku more wa idonku, ku gai da dogarai da ladabi.

Inda za ku shiga sosai shi ne Gidan Makama, ba nisa da nan. An mai da shi gidan ajiye kayan tarihi. Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da hotunan sarakuna. An rubuta bayani jikin kayan, galibi da Turanci, amma sunaye da shekaru ba za su gagare ku ba. Mun taɓa zuwa da wani dattijo daga ajinmu. Da ya haɗa baƙaƙen sunan Rumfa da kansa, sai da ya karanta sau uku, yana dariya.

Daga nan ku dubi badala, wadda Sarki Gijimasu ya fara tun kafin Rumfa da shekaru fiye da 300. Abin baƙin ciki, wurare da yawa ta zube, waɗansu kuwa mutane ne suka ɗebe ƙasarta suka yi gini.

Idan yunwa ta taso, ku nufi wajen Kasuwar Kurmi. Ita ma tun zamanin Rumfa take. Nan fataken Larabawa na Tarabulus da Gadamas suka riƙa sauke kaya, turkuɗin Kura kuma ya bi ayari zuwa Agadas. Larabawan nan ne suka koya wa Kanawa gurasa da alkaki. Ku nemi gurasa bandashe, watau wadda aka yayyafa wa ruwa, aka barbaɗa ƙuli da yaji, aka zuba man gyaɗa da albasa. Da tsire mai zafi a gefe, wallahi ba a magana! Ku tuna kuma daga alkama ake yin ta, irin wadda muke nomawa da rani tun da ruwan Tiga ya iso gonakinmu.

Amma a kula. Kada ku sayi abincin da aka bari buɗe ƙuda na bi, ko da ya fi araha. Ku wanke hannu da sabulu. Ku tambayi kuɗin abu kafin ku kai baki, don mai tsire ba ya karɓar ciniki bayan an ci.

Ran Laraba kowa ya zo da fensirinsa. Za mu rubuta sunayen ƙofofin Kano, mu fara da Ƙofar Na'isa da Ƙofar Ɗan Agundi.