Yaro Mai Ɓoyon Abinci

Yau za mu yi magana a kan yaron da ba ya ƙoshi.

Tun wajen 2011 da 'yan bindiga suka fara damun Zamfara, yara da yawa a ƙasar Zurmi da Shinkafi sun sha gudu da yunwa. A cikinsu akwai wanda zai cinye tuwonsa, ya suɗe tukunya, sa'an nan ya ɓoye ƙuli-ƙuli ƙarƙashin tabarma. Sai mu ce masa acici, mu ɗauko bulala.

To, mun yi kuskure. Yaron da ya kwana daji da yunwa, ko ya rasa uwa tasa, zuciyarsa ba ta yarda gobe akwai abinci ba. Tsoro ne ya ke sa shi ci.

Saboda haka mu riƙa ba shi abinci kan lokaci, safe da rana da dare. Mu zauna da shi, mu ji ta bakinsa. Kada mu yi masa gori gaban tsararsa. In kuwa yana ci yana ramewa, ga yawan ƙishirwa da fitsari, mu kai shi asibitin Shinkafi, watakila ciwon sukari ne.

Allah ya raya mana su, amin.