Baƙo Raɓa Ne: Jawabin Rufe Sansanin Matasa Kirista a Tudun Wada, Zariya



Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Mu da aka gayyato domin wa'azi a wannan sansani raɓa muke, gobe da hantsi ba za a gan mu ba. Saboda haka ya kamata, tun rana ba ta ɗaga ba, mu faɗi abin da idonmu ya gani cikin 'yan kwanakin nan, mai daɗin ji da wanda ba shi da daɗi.

Godiyarmu ta fari ga iyayen da suka bar 'ya'yansu suka zo. Ba ƙaramin abu suka yi ba. Shekarar 2021 a jikinmu muka ji ta, sa'ad da 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Nuhu Bamalli a nan Zariya cikin watan Yuni suka kwashe mutane, sa'an nan cikin Yuli suka sace ɗaliban makarantar Bethel Baptist a kusa da Kaduna. Uwar da ta san wannan, ta kuma ɗaure wa 'yarta tabarma da bokiti ta ce je ki, ta ba mu amana mai nauyi ƙwarai.

An kawo mu mu koyar, amma haƙiƙa wa'azin da ya fi ratsa mu ba daga bagadi ya fito ba. A bakin murhu muka same shi. Mun ga ɗalibin aikin likita, wanda ba da daɗewa ba za a riƙa tashi tsaye in ya shigo ɗaki, ya naɗe hannun riga yana kankare ƙanzon tuwo a gindin tukunya. Mun ga 'yar Bajju da 'yar Tangale suna gardama a kan yawan daddawar da miyar kuka take so, ɗan Tibi da Bayarabe suna jan ruwa da guga ɗaya. Abin da ya fi waɗannan duka kuwa shi ne allon nan na bakin ƙofa. Kowace yamma ma'ajinku yakan rubuta abin da ya shigo da abin da aka kashe, har kuɗin ashana da gishiri, kowa ya karanta, mai tambaya ya yi tambaya. Ku da kuka fara aikin gwamnati, da ku da za ku fara, ku dubi allon nan da kyau. Wata rana za a miƙa muku mabuɗin sito ko littafin albashin ma'aikata, ba wanda zai tilasta muku rubuta kome a bakin ƙofa, wani babba ma zai ja ku gefe ya ce kowa haka yake yi. A ran nan ne za a san ko sansanin nan ya yi amfani. Mu a ganinmu, yaron da ya iya ba da lissafin kuɗin gishiri ba tare da ya ji an ci masa mutunci ba ya riga ya yi rabin karatun mulki.

Wannan al'ada ta fitar da matasa daga gida su kwana wuri ɗaya tana da tarihi. William Smith ya kafa ƙungiyar Boys' Brigade a birnin Gilasgo a 1883, ba a jima ba ya fara kai yaransa kwanan sansani. A nan Arewa kuwa, ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS ta tsiro ne a Gindiri a 1957, ta yaɗu cikin makarantu. Gwamnati ma ta ga hikimar abin, gama da Janar Yakubu Gowon ya kafa aikin bautar ƙasa a 1973, bayan yaƙin basasa, da zaman sansani aka sa kowane ɗan bautar ƙasa ya fara. Mutanen da suka ci tuwo a kwano ɗaya, sauro ɗaya ya cije su, da wuya a zuga su su ɗauki makami a kan juna.

Sai mu dubi inda muke zaune. Da Turawa suka tsara Zariya, sun bar Birni ga Zazzagawa, suka ware Sabon Gari domin mutanen Kudu, Tudun Wada kuwa domin 'yan Arewa waɗanda ba 'yan gari ba. Watau unguwar nan tun asalinta masaukin baƙi ce. Daga nan kuma tafiya kaɗan ce zuwa Wusasa, muna kuwa mamakin yawan waɗanda muka tambaya a cikinku suka ce ba su taɓa zuwa ba. Likita Mila na mishan ɗin CMS ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi, kafin a mai da mishan ɗin Wusasa a 1929. Aikin fassarar da ya yi shekaru yana fama da shi, tare da mataimakansa Hausawa, shi ya ba mu cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Daga wannan ƙaramar al'umma Dokta Barau Dikko ya fito, likitan farko a Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkonta, yana Kirista a tsakiyar 'yan'uwansa Musulmi. Daga nan Farfesa Ishaya Audu ya fito, wanda ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, ɗan Wusasa ne, a can kuma Gowon ya yi ƙuruciyarsa. Ba ɗayansu da ya ɗauki bangaskiyarsa a kan dalilin janye jiki daga jama'ar Arewa. Aiki suka yi mata, ita kuma ta amince da su.

Wannan ya kawo mu ga maganar da ta fi nauyi, wadda ta shafe mu masu wa'azi kafin ta shafe ku. Yawancinku ba a haife ku ba a watan Maris na 1987. A Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ɗalibai Kirista suka shirya taro irin wannan, suka gayyato baƙon mai wa'azi kamar yadda kuka gayyato mu. Ɗalibai Musulmi suka ce ya taɓa Alƙur'ani da Annabinsu, faɗa ya tashi, ya fita daga makaranta ya shiga gari, aka rasa rayuka, aka lalata masallatai. Cikin 'yan kwanaki wutar ta iso Kaduna da Funtuwa da nan Zariya, inda aka ƙona majami'u masu yawa. Har yau kowane ɓangare yana da nasa labarin yadda abin ya faro, mu kuwa ba mu zo yanke hukunci ba, kuma ba wata magana da za ta halatta wa mutum ƙona ɗakin ibadar wani. Amma akwai abin da ba a gardama a kansa. Baƙo yakan gama magana ya ɗauki jakarsa ya hau mota. Wanda ya rage shi ne ɗalibin da zai koma ɗaki ɗaya da abokinsa Musulmi, da matar da za ta je cefane gobe wurin mai kayan miyan da ta saba da shi shekara da shekaru. Don haka muna roƙon shugabanninku, duk wanda za ku gayyato, kome sunansa, ku bincike shi tukuna. In abin da ya iya shi ne zagin addinin maƙwabci, ku ba shi kuɗin mota ya koma. Mai shelar Almasihu yana da abin faɗi da zai ishe shi har ƙarshen ransa ba tare da ya taɓa abin da wani yake girmamawa ba.

Muna yaba muku a nan, domin mun ga tun ran farko kun aiki wakilai su gai da mai unguwa, mun kuma ga maƙwabcin da ya bar ku kuna ɗiban ruwa a rijiyar gidansa. Kiran assalatu na masallacin da ke bayan katanga shi ya riƙa tashe mu addu'ar asuba, ba mu bukaci ƙararrawa ba. Sai dai fa, ƙannenmu, lasifikar nan taku ta dare ta wuce kima. Akwai tsofaffi da marasa lafiya da masu jego a gidajen da ke kewaye da mu, Allah kuwa ba kurma ba ne.

Abu na biyu da ya dame mu shi ne harshe. Mun lura waƙa kam da Hausa kuke yi, har da kalangu, amma da an zo nazarin Littafi Mai Tsarki sai kowa ya juye Turanci, 'yan ƙauyen da ke cikinku su yi tsit kamar ruwa ya ci su. Mun sa wani saurayi mai digiri ya karanta sura guda da Hausa, ya yi ta tuntuɓe a kan ƙ da ɗ har 'yan'uwansa suka fashe da dariya. Ba dariya ya kamata a yi ba. Wanda za a tura shi aikin asibiti ko aikin gona a Giwa ko Soba ko Ikara, da wane harshe zai yi wa jama'a bayani?

Shawararmu ga kwamitin baɗi ita ce a ware awa guda kowace safiya domin karatu da Hausa, a kuma keɓe yini ɗaya a tafi Wusasa a ga tsohuwar majami'ar Bartalamawus ta ƙasa da asibitin Luka, a zauna da dattawan da suka rage a ji daga bakinsu. Gobe kuma kafin motoci su tashi, a share azuzuwan da muka kwana a ciki, a mai da kujeru yadda muka same su, a biya kuɗin gilashin tagar da ƙwallo ta fasa, sa'an nan wakilanku su koma wurin mai unguwa da mai rijiya su yi musu ban kwana.